Manyan birus: a gyara darasi, a duba ruwan tafkunanmu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka don mu yi bayani a kan wani labari da ke ta dawowa a wayoyin mutane: wai masana a Turai sun tada ƙwayoyin cuta da suka yi dubban shekaru cikin ƙanƙarar Siberiya, wai annoba na tafe. Tushen labarin gaskiya ne. A 2014 ƙungiyar Jean-Michel Claverie da Chantal Abergel ta birnin Marseille a Faransa ta farfaɗo da wani birus mai suna Pithovirus daga daskararriyar ƙasa mai shekara 30,000, kuma a 2023 suka ba da rahoton wani mai shekara kusan 48,500. Amma dukkansu amiba suke kamawa, wato wata halitta mai sel guda da ke zaune cikin ruwa da laka. Da gangan masanan suka zaɓi amiba ta zama tarkonsu, don kada su tado abin da zai kama mutum ko dabba. Jama'a su kwantar da hankali ta wannan fuska.

Abin da ya dame mu daban ne. Har yau a darasin SVT, wato ilimin halittu da ƙasa, ana koya wa ɗalibi cewa birus shi ne ƙwayar da ta fi bakteriya ƙanƙanta, ba a ganinta da madubin likita, tana ratsa matacin da ke tare bakteriya, kuma ƙwayoyin gadonta kaɗan ne. Wannan bayani ya tsufa tun 2003, kuma shi ne ya rufe wa masana ido fiye da shekara ɗari.

A 1884 Charles Chamberland ya ƙera matacin tangaran da bakteriya ba sa iya ratsawa. A 1892 Dmitri Ivanovsky ya tace ruwan ganyen taba mai cuta, ya ga abin da ya tsiyayo har yanzu yana harbin lafiyayyen ganye, sannan Martinus Beijerinck ya tabbatar a 1898 cewa wani sabon nau'in abu ne. Daga nan aikin ya zama al'ada: mai neman birus sai ya tace samfurinsa da mataci mai hudar mikromita 0.2, ya riƙe abin da ya wuce, ya zubar da abin da ya maƙale. Duk birus da ya fi hudar girma, bola ya tafi.

A 1992, ana binciken ɓarkewar ciwon huhu a garin Bradford na Ingila, Timothy Rowbotham ya ɗebo ruwa daga hasumiyar sanyaya ruwa, ya zuba wa amiba. Ya ga wasu ɗigo-ɗigo a cikinta da suka karɓi rinin Gram kamar bakteriya, aka raɗa musu Bradfordcoccus. Shekara goma ana fama da su. Kowace bakteriya tana da ƙwayar gadon da ake kira 16S, wadda ake kamawa da gwajin PCR don a san danginta, amma wannan abu duk gwajin da aka yi ba ya ba da komai. Sai da Bernard La Scola da Didier Raoult suka sa shi a madubin elektron a Marseille, suka ga kwanso mai fuska ashirin irin na birus. A 2003 aka bayyana shi da sunan Mimivirus.

Ga lissafin da ya kamata ɗalibi ya riƙe. Nanomita 1,000 ke yin mikromita ɗaya, mikromita 1,000 kuma milimita ɗaya. Birus na shan-inna nanomita 30 ne, na mura kimanin 100. Kwanson Mimivirus ya kusa 500, ga gashi ya lulluɓe shi mai tsawon kimanin 125 ta kowane ɓangare, jimilla kusan 750. Madubin likita mai aiki da haske yana rarrabe abu har zuwa nanomita 200, ke nan madubin da ake duba jinin zazzaɓin cizon sauro da shi a ɗakunan shan magani zai nuna shi, in an sa gilashin ×100 da ɗigon mai. Ta fuskar gado kuwa, birus na SIDA yana da haruffan gado ƙasa da 10,000 da ƙwayoyin gado tara, na korona kimanin 30,000. Mimivirus yana da haruffan DNA miliyan 1.18 da ƙwayoyin gado kusan 1,000. Bakteriyar nan Mycoplasma genitalium, wadda sel ce cikakkiya, haruffanta 580,000 ne kawai.

Girman nan yana da aiki. Amibar da ake kira Acanthamoeba bakteriya take ci, kuma ba ta cika haɗiye abin da bai kai rabin mikromita ba. Mimivirus ya kai, gashinsa kuma yana ɗauke da sukari irin wanda ke jikin bakteriya, sai ta ɗauke shi abinci ta haɗiye. A cikin jakar narkar da abincinta, wata kusurwa ta kwanson mai zanen tauraro mai ƙafa biyar takan buɗe, fatar ciki ta fito ta manne da fatar jakar, ƙunshin gadon ya zube cikin sel. Daga nan birus ɗin ya ɓace wa ido na ƴan awoyi. Wajen awa huɗu zuwa shida sai a ga wani dunƙule yana girma a cikin amibar, har mai kallo ya zaci cibiyar sel ce ta biyu. Wannan ita ce masana'antar birus: a tsakiyarta ake kwafar DNA, a gefenta ake harhaɗa kwanso, a cusa gado, a sa gashi. Kafin kwana ya zagayo amibar ta fashe, ɗaruruwan sababbi sun fito.

Da aka daina zubar da abin da ya maƙale a mataci, sai suka fara fitowa ta ko'ina. Marseillevirus a 2009, ƙarami ne, nanomita 250, yakan shiga amiba a dunƙule cikin jaka don ya kai girman da za a haɗiye shi. Megavirus a 2011 daga gaɓar tekun Chile. A 2013 Pandoravirus, mai siffar tulu da baki a gefe guda, tsawon mikromita ɗaya. Wanda aka samo a bakin kogin Tunquen na Chile haruffansa kusan miliyan 2.5 ne, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙwayoyin gadonsa ba su yi kama da komai da aka sani ba. Pithovirus ya fi shi tsawo, mikromita 1.5, amma gadonsa 610,000 ne, wanda ya nuna girman jiki da yawan gado ba tafiya ɗaya suke ba. Afirka ma tana ciki: Senegalvirus daga bayan-gidan wani lafiyayyen matashi a Senegal, Faustovirus daga ruwan kwata na Dakar da Marseille, Tunisvirus daga Tunisiya, Cedratvirus daga Aljeriya.

Abin da ya fi girgiza masana shi ne kayan haɗa furotin. Sel na buƙatar ribozom, wato injin da ke haɗa furotin, da ƙananan RNA masu dakon amino asid, da enzim guda 20 masu ɗora kowane amino asid a kan mai dakonsa. An ɗauka birus ba ya da ribozom, ba ya kuma da ko ɗaya daga cikin waɗannan enzim. Mimivirus yana da huɗu daga cikin enzim ɗin, Megavirus bakwai, Klosneuvirus da aka gano a 2017 a matatar ruwan kwata ta Klosterneuburg a Ostiriya yana da 19, Tupanvirus na Brazil kuwa, mai wutsiya, wanda aka bayyana a 2018, yana da duka 20. Ribozom ne kaɗai babu wanda aka samu da shi. A nan malami zai kafa sabon bayaninsa: birus ba ya da ribozom, ba ya rabuwa gida biyu don ya hayayyafa, sai dai ya warware cikin sel a sake harhaɗa shi daga sassa. Girma da mataci su fita daga ma'anar.

Daga ina suka fito? An yi shekaru ana jayayya. Wasu suka ce ragowar wani reshe na huɗu ne na halittu, bayan bakteriya da arkiya (wasu masu sel guda masu kama da bakteriya) da masu cibiyar sel: wata tsohuwar sel da ta zama ci-ma-zaune, ta yi ta zubar da kayanta har ta rasa ribozom. Wasu, irin su Eugene Koonin, suka ce ƙananan birus ne da suka yi ta tara gado daga halittun da suke kamawa. A ganinmu hujja ta fi rinjaya ga na biyu. Da kayan haɗa furotin na Klosneuvirus gadon kaka ɗaya ne, da bishiyar asalin kowace enzim ta nuna tushe guda. Da aka zana bishiyoyin, sai aka ga wannan daga wani dangin halitta aka ɗauko ta, waccan daga wani, a lokuta daban-daban. Haka kuma girman bai faru sau ɗaya ba: Pandoravirus ya fi kusa da wasu birus masu matsakaicin girma da ke kama gansakukar ruwa fiye da yadda ya kusanci Mimivirus. Cikin amiba wuri ne da bakteriya da birus iri-iri ke haɗuwa, musayar gado ba ta wuya a can. Duk da haka wannan bayani bai share batun dubban ƙwayoyin gadon Pandoravirus marasa dangi ba. Ƙungiyar Marseille ta kawo shawara a 2018 cewa birus ɗin da kansa yake ƙirƙiro su daga filayen DNA da ke tsakanin tsofaffin ƙwayoyin gado, kuma wannan ƙofa ce da ɗalibin da ya iya kwamfuta zai iya shiga ba tare da ɗakin gwaji ba, tunda kundayen gadon suna intanet kyauta.

Gadon yana raguwa kamar yadda yake ƙaruwa, an ma gani da ido. A wani gwaji da aka buga a 2011, an yi ta juya Mimivirus sau 150 cikin amibar da babu bakteriya ko wani birus tare da ita. Gadonsa ya sauko daga miliyan 1.2 zuwa ƙasa da miliyan ɗaya, yawanci daga bakunan biyu ya zube, kuma gashinsa ya kakkaɓe. Abin lura, mai sanƙon nan ya daina kamuwa da Sputnik. Sputnik ƙaramin birus ne mai haruffa kimanin 18,000 da aka gano a 2008 a wata hasumiyar sanyaya ruwa a Paris. Shi kaɗai ba ya iya komai cikin amiba, sai ya shiga masana'antar babban birus ya yi amfani da kayanta, babban ya riƙa fitar da gurɓatattun kwansuna, amiba da yawa su tsira. Wani irinsa mai suna mavirus ya wuce nan: yakan saƙa kansa cikin gadon wata halittar teku mai suna Cafeteria, ya kwanta shiru, sai babban birus ya shigo ya farka. Sel ɗin da aka harba tana mutuwa, amma mavirus da ta saki yana kare maƙwabtanta.

Kada makiyayi ko likitan dabbobi ya ce wannan zancen amiba ne kawai. An haɗa waɗannan birus a babban gida ɗaya, Nucleocytoviricota, tare da birus na agana wadda aka sanar da kawar da ita a 1980, da na ƙyandar biri, da danginsu masu fesowa a fatar tumaki da awaki da shanu da raƙuma, da na zazzaɓin aladu na Afirka. Faustovirus ɗan uwan wannan na ƙarshe ne. Duka suna gina masana'anta cikin sel kuma sun yi tarayya a wasu ƙwayoyin gado ƴan kaɗan, kamar ta enzim mai kwafar DNA da ta injin cusa gado cikin kwanso. Wanda ya fahimci masana'antar Mimivirus, wadda ake gani da madubi, ya sami hanyar fahimtar ta agana.

Batun ko Mimivirus na sa ciwon huhu, an sami alamunsa a jinin wasu majinyata, an kuma ware shi daga wata majinyaciya a Tunisiya, amma wasu manyan bincike ba su same shi ba, don haka ba a lissafa shi cikin tabbatattun cututtukan mutum. Haɗarin da aka tabbatar yana ga amibar kanta da bakteriyar da take ɓoyewa. Rowbotham ɗin nan ne ya nuna a 1980 cewa Legionella, mai kawo ciwon huhu mai tsanani, cikin amiba take hayayyafa. Tana son ruwa mai ɗumin digiri 25 zuwa 45, wato daidai ruwan tankin da ke saman soro a watan Afrilu da Mayu, da wanda ya kwana cikin na'urar sanyaya ɗaki mai aiki da ruwa. In amiba ta ji wuya takan dunƙule ta yi ɓawo mai ninki biyu, kuma kulorin da ake sa wa ruwan sha ba ya kashe wannan ɓawo. Saboda haka zuba jabel, wato ruwan kulorin, kawai ba ya wadatarwa: a zubar da ruwan tanki, a goge santsin da ke jikin bango da buroshi, domin a nan suke zaune, sannan a sa jabel, a ɗauraye, a rufe. Na'urar sanyaya ɗaki a tsiyaye ruwanta in za ta kwana biyu ba aiki, a bar katifunta su bushe. Mai sa gilashin da ake mannawa a ƙwayar ido kada ya kuskura ya wanke shi da ruwan pampo. Acanthamoeba na cin fatar ido, maganinta na ɗaukar watanni, wani lokaci idon ya tafi.

Yanzu ga abin da muke so jami'o'inmu su ji, ta Abdou Moumouni a Yamai da ta Djibo Hamani a Tahoua, da ɗakunan gwaji irin su CERMES da LABOCEL. Farautar manyan birus na cikin bincike mafi araha a wannan fanni. Tupanvirus daga tafkin kanwa aka samo shi, mu kuwa ga kanwa a Dallol Bosso, ga gishirin Bilma da Tegidda-n-Tesemt. Medusavirus a 2019 daga maɓuɓɓugar ruwan zafi a Japan ya fito, mu ga Tafadek kusa da Agadez. Ga tafkin Tabalak, ga Madarumfa, ga Gunti Yena da ke ratsa Yamai ya faɗa kogi, ga tafkunan damina da ke ƙafewa su dawo kowace shekara.

Aikin kansa ga yadda yake. A ɗebi mililita 50 a bututu mai tsabta, rabi ruwa rabi lakar saman nan ta bakin gaɓa, a rubuta wuri da rana da zafin ruwan da pH, a ajiye a digiri 4. Kada a tace da mataci 0.2. Ko na 0.8 ko 1.2 da ake yi wa Mimivirus zai iya tare Pandoravirus da Pithovirus, don haka a bar laka ta kwanta, ko a yi amfani da mai hudar mikromita 5. In ana son ƙara yawan abin da ke ciki, akwai dabarar da aka kamo Megavirus da ita: a dafa ƙwayar shinkafa 40 cikin lita ɗaya ta ruwa a otoklab (tukunyar tururi mai kashe ƙwayoyin cuta), a zuba kashi 4 cikin 100 na wannan romo a samfurin, a ajiye wata guda cikin duhu. Duhu yana kashe gansakuka, bakteriya su ci romon, amiba su ci bakteriya, birus su yawaita cikin amiba.

Tarkon shi ne Acanthamoeba castellanii, a rene ta cikin abincin PYG: gram 20 na feftun, gram 1 na ruwan yis, gram 18 na gulukos a lita, da gishirinsa, pH 6.5. A tsabtace gulukos daban, domin in aka haɗa shi da feftun a otoklab yakan ƙone ya yi ja. Kafin gwaji a wanke amibar a mai da ita ruwan gishirin Page, wanda ba abinci a ciki, don ta ji yunwa ta haɗiyi abin da aka ba ta, bakteriya kuma su rasa abin ci. A daidaita ta 500,000 a mililita, a zuba rabin mililita a kowane gurbi na faranti mai gurbi 24, a jira ta manne a ƙasa, a ƙara kashi ɗaya cikin goma na mililita na samfurin. A sa penisilin yunit 100 da sitreptomisin mikrogram 100 a mililita, da sifrofulokzasin, da amfoterisin B mikrogram 0.25 a mililita saboda fumfuna. In amfoterisin ya yi yawa amibar ma takan sha wuya. A bar gurbi biyu ko uku ba samfur, su ne shaida. A ajiye a digiri 28 zuwa 30, a duba kullum da madubin da ke kallo daga ƙasa. Bayan kwana uku a ɗebi kaɗan a kai wa sabuwar amiba, har sau uku, ko ba a ga komai ba, domin birus kaɗan ne a farko.

A nan zafinmu ke ɓata aiki. Akwatin ɗumi na ɗakin gwaji ɗumamawa kawai ya iya, in ɗaki ya kai digiri 38 saboda an ɗauke wuta, amibar za ta yi ɓawo, wadda ta yi ɓawo kuwa ba ta cin komai, gwaji ya mutu ba tare da an sani ba. Ana buƙatar akwati mai sanyayawa da batiri, ko a tsara aikin tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Lokacin kuma hunturu ne: gurbin da ke gefen faranti kan ƙafe, gishiri ya yi yawa, amiba ta mutu, mai gwaji ya zaci birus ne. A cika guraben gefe da ruwa mai tsabta, a sa farantin cikin roba mai murfi da jiƙaƙƙen auduga. Samfurin kanwa da na gishiri a sirka shi kashi ɗaya cikin goma tukuna, in ba haka ba shi kansa zai kashe tarkon. Kuma fashewar amiba ba ta isa hujja ba, domin akwai bakteriya masu zama cikin sel da maganin bai taɓa su ba. Ruwan da ya yi duhu alamar bakteriya ne. A shafa a gilashi a yi rinin Giemsa: masana'antar birus takan fito dunƙule guda mai kauri daban da cibiyar sel. Sai a yi PCR na 16S. In amiba na fashewa, ɗigo-ɗigo na bayyana, 16S kuma shiru, an kama hanya. PCR na neman birus kai tsaye yana kama dangin da aka riga aka sani ne kawai, sabon dangi zai wuce shi. Tarko ɗaya ma ba ya isa, tunda Faustovirus ba ya girma cikin Acanthamoeba, sai cikin Vermamoeba vermiformis, don haka a riƙe biyun.

In an kama, a sirka kashi goma-goma har gurbi na ƙarshe da ke fashewa, a maimaita, don a tabbatar iri ɗaya ne a hannu ba gauraye ba. Mai aikin ya sa tabarau na kariya da safar hannu saboda amibar, duk abin da aka gama da shi ya shiga otoklab a digiri 121 na minti 20.

Hoton madubin elektron da karanta kundin gado su ne matakan da za a iya neman haɗin gwiwa da waje. Kafin bututu ko ɗaya ya bar ƙasa a rubuta yarjejeniya: a ajiye kwafin birus ɗin a gida, sunan ɗalibin da ya kamo shi ya shiga takardar, a kuma ba shi kundin gadon ya yi nazarinsa da kansa. Masu tsara manhajar SVT kuma muna roƙon su gyara babin birus, su ƙara Mimivirus da lissafin girmansa, su sa rashin ribozom a matsayin ma'auni.

Wassalam.

Wasu malaman ilimin halittu da ma'aikatan ɗakin gwaji,
Yamai.